Ƙodar da Likita Ya Ƙi Karɓa

A Madabo kowa ya san Gwadabe baduku, mai ɗinka jakar fata a zauren gidansu. Mutum ne kakkaura mai yawan raha, har zuwa shekarar da 'yarsa Mardiya ta fara kumbura. Lokacin soja ba su daɗe da miƙa mulki ba, gari ya ɗauka wai yanzu a Kano ma ana dashen ƙoda.

Duk ranar wankin ƙoda, Mardiya kan dawo gida kamar tsumma. Gwadabe ya sami likita ya ce, "Ga ni, a cire tawa."

Aka gwada shi. Jininsu ya zo ɗaya, amma likita ya girgiza kai. "Baba, hawan jini ya daɗe yana cin ƙodarka ba ka sani ba. In muka dasa mata, ba za ta yi ƙarko ba, kai kuma mu bar ka da guda mai rauni."

"Wa ya ce maka ina son ran? Ku ba ta, ko shekara guda ta yi mata."

"Ba za mu rasa mutum biyu ba."

Gwadabe ya bar gishiri, ya bar kitse, ya koma tauna tafarnuwa da shan zoɓo ba sukari. Kullum da asuba sai ya taka har Ƙofar Dawanau ya dawo. Ya rame har riga na rawa a jikinsa. Da ya koma asibiti, awon bai canja ba. Nan ya durƙusa ya riƙe ƙafar likitan, yaron da a haife ya haife shi, yana kuka.

Ƙanwarsa Kulu, mai sayar da daddawa, ita ta ɗaga shi. "Tashi, Yaya, ka bar abin kunya. A gwada ni."

Lafiyarta ƙalau, sai dai ta manyanta. Likita bai ɓoye musu ba: ƙodar babba ba ta daɗewa kamar ta matashi. Kulu ta ce da babu gara ba daɗi.

Aka yi aikin, ƙoda ta kama. Gwadabe bai ga ƙarshen ƙodar ba. Jininsa ya hau wata Laraba yana tsakar yankan fata, ya faɗi bai tashi ba. Mardiya kuwa ta gama makaranta, har ta koyar a firamare, kafin ƙafafunta su sake kumbura. Kulu ce ke raka ta asibiti.