Ranar da Aka Kai Jang Mai Hatimi Jos

Duk wanda ya taɓa yin hatimi ko katin biki a Gwarzo ya san Baba Jang. Mutumin Filato ne, gajere, tabaransa ɗaure da zare. A wata tsohuwar maɗaba'ar mishan a Jos ya koyi jera haruffan dalma. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo aka sallame su, sai ya kafa tebur a gefen shagon Haladu tela, mutumin Madadi. Shekara goma sha bakwai suna tare, kullum cikin tsokanar juna.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, 'yan'uwan Jang da yawa suka tattara suka koma gida. 'Yarsa Anastasia, ma'aikaciyar jinya a Jos, ta aiko sau uku ya dawo gida, ya ƙi. Sai ta sake dabara: wai an buɗe tsohuwar maɗaba'ar ga masu ziyara, ya zo ya gani. Haladu dai ya gano ta. In Jang ya tafi shi kaɗai, ba zai dawo ba.

"Zan raka ka," in ji Haladu, "kada ka ɓace a tasha."

"A garin namu?"

"Tsufa bai san garinku ba."

Da suka sauka a Jos, Anastasia ta fara kai su gidan zu, sannan gidan kayan tarihi. Haladu ya tsaya gaban wani kan mutum na yumɓu mai manyan idanu, ya rantse kakan Jang ne. Da azahar suka isa maɗaba'ar.

Mai kula da wurin, Madam Linda, ta jawo musu faffaɗan akwatin haruffa mai ƙananan gidaje, tana alfahari. Da hannunta ta jera su, a, b, c, kamar a allon aji ɗaya.

Jang ya cire tabarau. "Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Ashe masu aikin ba sa jera su haka. Harafin da aka fi ɗauka shi ke zama a babban gida kusa da hannu, wanda ba a cika nema ba a tura shi lungu. Kafin Madam ta buɗe baki, Jang ya kife akwatin a kan tebur. Ya riƙa ɗibar haruffan, ya ɗan kalla, ya watsa kowanne gidansa ba tare da ya dubi akwatin ba, ƙas-ƙas-ƙas, kamar mai shuka gero.

Madam Linda ta riƙe haɓa. "Baba, irinku muke nema. Ku zauna da mu, ku riƙa nuna wa baƙi."

Anastasia ta yi murmushi. Haladu, wanda bakinsa bai huta ba tun da suka baro Gwarzo, ya koma bakin ƙofa yana duba ɗinkin hularsa.

Jang ya goge hannu, ya matsa gaban wani tsohon hoton ma'aikata a bango. "Wannan Dachung ne. Yana ina?"

"Ya rasu, Baba," in ji Madam Linda.

"Leonard fa?"

"Shi ma."

Ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa har ya iso kan wani siririn saurayi a ƙarshen layi, ya daɗe yana kallonsa. Shi ne da kansa.

"'Yata, a nan abokaina duk sun koma bango," ya ce da Anastasia. "A Gwarzo mai zagina yana nan da ransa."

"Baba, hankalina ne ba ya kwanciya."

Haladu ya mayar da hularsa. "Ƙofarsa tana kallon tawa, 'yata. Mai nemansa sai ya fara bi ta kaina."

Anastasia ta ce to, amma Kirsimeti a Jos zai yi, kuma Baba Haladu ne zai kawo shi.

Jang ya zana wa Madam Linda tsarin akwatin a bayan wata takarda. Washegari suka kama motar Kano, suna faɗa a kan wanda zai zauna kusa da taga.