Injiniya da Faifan Aro

A kasuwar Sabon Birni, layin masu hatsi, ga wata mata tsugune gaban inji, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ba 'yar nan ba ce. Direban da ya kawo ta ya ce malama ce a sashen injiniya na jami'a, sun ƙera injin sussuka mai aiki da hasken rana, ta zo gwada shi.

Siririya ce mai tabarau, baƙin mai ya ɓata mata lallen hannu. Tana tura zangarniyar gero, tsaba na zubowa ta ƙasa, maza sai tafi suke.

Wata tsohuwa 'yar Tsamaye ba ta tafa ba. Ta ɗebi geron ta duba, ta ce, "Ɗiyata, wanga abu naki yana fasa tsaba. Wa za ya shuka wannan?"

Na zaci za ta kare kanta da Turanci. Ina! Sai ta ari faifan tsohuwar ta hau bakace. Wuyan hannunta kawai ke motsi, ƙaiƙayi na tashi, fasassun na taruwa gefe guda. Wannan ba a aji aka koya shi ba. Akwai wata uwa a wani ƙauye da ta sha yi mata tsawa a bakin turmi.

Ta dubi fasassun, ta yi dariya. "Gaskiyarki, Inna. Za ni rage mishi gudu."

Tsohuwar ta ce, "Shi kam a gyara shi. Amma ke, wadda ta koya miki faifai ta gama aikinta."