Inna Hansatu, Me Kike Zubawa a Tukunyar Nan?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Inna Hansatu, mai jiƙon raba mutum da giya a bakin kamfanonin fata na Challawa.

Ni ne Ado na Ɗorayi. Daga aji huɗu malamai suka ga gara in ba wani bencina, don haka a yi haƙuri da rubutun.

Inna, kin tuna zuwana a kan ɗana Isyaku? Tun da ya samu aiki a kamfanin fata, da an tashi sai abokai su ja shi mashaya, wai giya ce ke wanke warin jima daga maƙogwaro. Na yi faɗa, na karɓo rubutu, har duka na yi niyya, sai na lura ya fi ni tsawo. Na miƙo miki jarka ki cika min in kai gida.

Kika ce, "Baban Isyaku, kai ne mashayin? Maganina ba ya tafiya. A nan ake sha, da zafinsa, da an tashi daga aiki."

Haka kuwa aka yi. Kullum Isyaku yana bencinki da ire-irensa, suna kurɓa suna yamutsa fuska, kina yi musu tsiya, har a kira magariba ki kora su masallaci.

Sau ɗaya na ɗanɗana, na wuni ina ba harshena haƙuri. Na gane maɗaci, ina zaton da sabara. Sauran fa? In na tambaya sai ki ce, "Dawo gobe." Har yau ban sani ba, saiwar ce ke aikin ko bencin?

Washegarin jana'izarki, magariba ta wuce Isyaku bai shigo ba. Na hau adaidaita sai Challawa. Na same shi da sauran yaran jere a bencin, 'yarki Rumaisa na zuba musu abin da ta iya tunawa.

Isyaku ya ce, "Baba, bai kai na Inna ɗaci ba." Amma ya shanye tas.

Ina yi wa Rumaisa da 'yan uwanta ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya riƙa mana waɗannan yara. Ke kuma Inna, Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki. Kin shayar da 'ya'yanmu ɗaci don su tsira, Allah Ya shayar da ke ruwan Alkausara.