Ranar da Malam Ya Ɓata

Malam nake ce wa maigidana tun muna sabon aure, ko da yake ba malami ba ne, direba ne. Ya daɗe yana tuƙa wani babban ma'aikacin gwamnati da ke zaune a GRA, mu kuma muna Ƙofar Ran, a sashenmu na gidan da kakansu ya gina bayan ya sayar da shanunsa ya shigo gari. Mutum ne mai barkwanci da son mutane. Shayinsa mai kauri ne, suga sai ya ga ya kwanta a gindin kofi, ga fura da rana, ga lemon kwalba a mota. Ba wanda ya ga aibin haka, har ni da nake dama masa furar.

Da ƙishirwa abin ya fara, sai yawan fitsari, sai rama. Wata rana da azahar gyangyaɗi ya kwashe shi yana tuƙi, uban gidan nasa na zaune a baya, motar ta gangara gefen titi. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. A asibiti aka gwada jininsa, aka ce ciwon suga ne, kuma ya jima a jikinsa. Uban gidan ya sallame shi cikin mutunci, ya ce ya je ya huta.

Ni na ɗauka ciwon jiki ne kawai, in na kiyaye abinci shi ke nan. Na koma yi masa tuwon alkama da faten acca, na cika masa kwano da zogale, na ɓoye gwangwanin suga. Ban san akwai wani abu da ke cin sa ta ciki ba.

Ya daina zuwa majalisarsu ta bakin titi. Daga baya ya daina fita jam'i, yana sallah a ɗaki. Aski ma sai na yi ta roƙo. Zai zauna a kan tabarma ya zuba wa bango ido tun hantsi har la'asar, in yara suka shigo da surutu ya daka musu tsawar da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba, sannan ya kifa kai a gwiwa kamar shi aka yi wa. Wani lokacin kuma ya tashi ya ci duk abin da aka hana shi, a tsaye, da sauri, kamar ana korarsa. In na gwada shi da ɗan injin da muka saya, na ga sugan ya hau, sai ya ce, "Kin gani ko? Me amfanin wahalar da kike yi?"

Yayarsa, wadda duk muke kira Adda, tana zaune a rugarsu a bayan gari. Da ta zo ta gan shi sai ta ja ni madafa.

"Wannan ba suga ba ne kaɗai," in ji ta. "Ƙanina da ya fi kowa dariya? Hannu aka sa masa."

"Adda, likita ya ce..."

"Likita ya san jini. Bai san mutane ba."

Ta kawo saiwoyi da rubutu, aka yi masa addu'o'i. Ban hana ba, ni ma a lokacin ko me aka ce in yi zan yi. Na kai ga ina sallah ina kuka har in manta raka'ar da nake. Ina koyarwa a makarantar firamare, amma sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, hankalina na gida, ina tunanin ko ya ci abinci, ko ya sha magani, ko yana nan ma.

Wata safiya ina shirin fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da Allah zai ɗauke ni, da kun huta."

"Subhanallahi! Malam, wace irin magana ce wannan?"

Na ajiye masa kunun gyaɗa marar suga da ƙwayoyinsa, na tafi makaranta. Ban iya kaiwa lokacin tashi ba, na roƙi shugabar makaranta na dawo da hantsi. Ɗakin ba kowa. Ƙwayoyin ba su nan, kunun kuwa ko taɓa shi bai yi ba, har ya yi fata. An gargaɗe mu cewa shan maganin ba abinci yana iya faɗar da sugan ƙasa warwas, har mutum ya suma.

Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. Na leƙa masallacin unguwa, na je majalisa, ba wanda ya gan shi. Ƙannensa suka bazu cikin gari a kan babura. Na tari keke zuwa GRA, ko ya koma gidan tsohon uban gidansa, maigadi ya ce rabonsa da shi tun da aka sallame shi. Na dawo gida mayafina a hannu. Akwai tsohuwar rijiya a tsakar gidanmu da aka rufe da kwano. Har yau ban gaya wa kowa a gidan dalilin da ya sa na ɗaga kwanon nan na leƙa ba, amma matan gidan sun gan ni, kuma ba wadda ta tambaya.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara, lambarsa ce. Muryar wata mata na ji, Hausarta ba ta nuna sosai ba.

"Kai ne matan wannan mutum? Ka zo Shadawanka, bakin bariki. Yana nan shagona."

Matar wani soja ce mai sayar da kayan masarufi. Ta ce ta gan shi yana tangaɗi, gumi ya jiƙa rigarsa, ya zube a gindin bishiya. Masu wucewa suka ɗauka maye ne. Ita kuwa ta ga bai yi kama da mashayi ba, ta ba shi lemo ya kurɓa, sai ya fara dawowa hayyacinsa. Daga Ƙofar Ran har can a ƙafa ya je, takalminsa ɗaya ya tsinke, tafin ƙafarsa ya tsage bai ma ji ba. Da na isa na durƙusa gabansa na ce, "Ina za ka, Malam?"

Ya ce, "Ban sani ba. So nake in yi ta tafiya kawai."

Aka kwantar da shi a asibiti saboda ƙafar, don ciwo ba ya saurin warkewa a jikin mai suga. Likitar da ke duba shi, wata mace mai sanyin murya, ta ja kujera ta zauna kusa da gadon. Ba ta fara da maganar abinci ba. Ta tambaye shi barcinsa, ta tambaye shi abin da yake jin daɗinsa a da, sannan ta ce, "Malam, kana jin wani lokaci gara a ce ba ka raye?"

Na ɗauka zai yi fushi. Amma bai yi ba. Ya ce, "Kullum."

Ta bayyana mana cewa ciwo biyu ne ke tare da shi, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. In sugan ya yi ta hawa da sauka, yakan gajiyar da mutum, ya dagula masa tunani da hali. Ciwon damuwa kuma yakan hana shi ci a kan lokaci da shan magani da motsa jiki, sai sugan ya ƙara rikicewa. Ta ce in aka bi ɗaya aka bar ɗaya, wahala kawai za mu yi ta sha. Za ta tura shi sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

"Ni ba mahaukaci ba ne," in ji Malam, ya juya wa bango fuska.

Bayan ta fita na zauna a bakin gadon. Ban lallashe shi ba, ƙarfin lallashin ya ƙare mini. Na ce, "Na yi iya yina, Malam. Girki na iya, addu'a na iya, wannan kam ban iya ba. In ka ƙi zuwa, ni ce za a kwantar a gadon da ke kusa da kai." Can ya ce in gaya wa likitar ya ji.

Ba zan ce ya warke ba. Ƙafar ta ci masa ɗan yatsa kafin ta haƙura. Maganin damuwar ya ɗau lokaci kafin mu ga alamarsa, Adda kuma har gobe tana kan bakanta. Yanzu yana zama a shagon kayan gyaran mota na wani ƙaninsa, yana fita jam'i, wani makon har ya tsokani yara. Wani makon kuma nauyin ya dawo, in ga ya fara tsallake abinci, sai in riƙa kiran shagon daga makaranta ina ƙirƙiro dalili.

Ranar ganin likita tare muke zuwa. Yakan sa mai keke ya sauke mu a babbar ƙofar asibiti, mu bi ta wajen masu ciwon suga tukuna, ya gaisa da waɗanda ya sani. Sai ya duba hagu da dama, ya tabbata ba ɗan unguwarmu a kusa, sannan mu karya kwana zuwa ɗaya sashen.