Wa Za Mu Bar Wa Hasanatu Mai Hoto?

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, goma ga watan Agusta 2021, wadda ta zo daidai da ɗaya ga Muharram, Allah Ya karɓi ran ƙawata kuma maƙwabciyata Hasanatu Sirajo a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, bayan jinyar korona da ba ta yi tsawo ba. Ta bar mijinta Malam Muttaka, wanda karatu ya kawo shi ƙasar nan, da 'yarsu Ihsan, da mahaifiyarta Hajiya Daso can a Azare. Ta kuma bar tarin hotunan samarin Malay masu dogon gashi, rungume da jita, baki buɗe suna ihu. Wanda bai san ta ba zai zaci ɓatan kai hotunan suka yi suka faɗo cikin kayan matar malam. Nata ne, ita ta ɗauke su, kuma ban taɓa ganin ta ji kunyar ko ɗaya ba.

Hasanatu, na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ba rashin abin faɗa ya hana ni ba, kin san bakina. Tambaya ɗaya ce ta tokare mu tun ranar da aka rufe ki. Mu Hausawan garin nan duk masu tafiya ne. Ɗalibi ya gama karatu ya koma gida, ɗan kasuwa ya ji wani gari ya fi ci ya tattara. Ke kuwa kin zo ke nan. To wa za mu bar wa ke?

Bari in fara daga inda abin ya fara, don masu cewa sha'awar kiɗa ce ta ja ki su ji gaskiya. Masifa kika sauka yi. Muna zaune a unguwar Setapak, a benen da ke kan shaguna, ƙofarki na kallon tawa. A ƙarƙashinmu wasu samari suka kama ɗaki suna gwajin kiɗan rok, irin kiɗan nan na jita mai lantarki da ganguna da ihu, wanda idan aka fara har kwanukan kicin sai sun amsa. Ihsan tana jaririya a lokacin, da kin samu ta yi barcin rana sai su tashe ta. Ran nan kika goya ta, kika zura hijabi, kika buga min ƙofa kika ce, “Yaya Hannatu, zo ki raka ni, yau sai na ga iyayen yaran nan.” Na bi ki a baya ina shirya Turancin faɗa. Mai ganga, wani siririn yaro da ake kira Hadi, shi ya buɗe ƙofa. Da ya ga goyo sai ya kama ba da haƙuri, yana ta “maaf, Kak, maaf”, wato ki yi haƙuri Yaya. Ni na fara zuba, ke kuwa shiru. Da na waiwaya sai na ga kin ɗaga waya kina ɗaukar mai jita, wanda jar fitila ta haske masa rabin fuska, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Faɗan da ba a yi ba ke nan, kika bar ni da baki buɗe.

Hoton nan suka manna a takardar tallan wasansu na gaba. Bayan haka Malam Muttaka ya sayo miki kyamara ta hannu, da nufin ki riƙa ɗaukar Ihsan tana girma. Ihsan ta samu rabonta, amma makaɗa sun fi ta samu. Ƙungiya ta gaya wa ƙungiya, har ya zama babu wani ƙaramin zauren wasa daga unguwar Cheras zuwa ta Chow Kit da ba a san Kak Hasa ba, baƙar mace mai dogon hijabi da ke durƙusawa a gaban dandamali da auduga a kunne. Sharaɗinki biyu ne, kuma ba ki taɓa sassautawa ba: ba kya shiga inda ake sayar da giya, kuma isha'i a gida take samunki. Da yake yawancin wasanninsu da yamma ake yi, har a tsaya a yi magariba, abin bai gagara ba.

Sau ɗaya kika yaudare ni na bi ki. Na fito kaina na sarawa, na ce miki wannan ba kiɗa ba ne, maƙera ne suka yi faɗa a cikin ɗaki. Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce, “Ai ba ji ake yi ba, Yaya, kallo ake yi.” Da kika nuna min abin da kika ɗauka sai na gane nufinki. Sauran masu hoto tsalle suke jira, da lokacin da gashi ke tashi sama. Ke kuwa kin fi son ƙarshen waƙa, sa'ad da sauti ya mutu, mawaƙi ya sauke kafaɗa yana haki, ya manta ana kallonsa. A hotonki mai ihun nan da na ji tsoro ya koma yaro ɗan wani, wanda ya gaji kuma yana jin yunwa. Tun daga ranar na daina tsallake hanya idan na gan su.

An yi magana, ba za a ce ba a yi ba. A wajen suna da walima na sha jin ana rage murya idan kin shigo. Abin ya dame ki, kin gaya min, amma ba ki taɓa rama wa kowa ba. Malam Muttaka kuwa, duk ranar wasa sai ya zauna a shagon mamak da ke ƙasan zauren, shagon shayin nan na Indiyawa Musulmi, da kwamfutarsa da Ihsan a cinya, yana rubutun digirinsa har ki fito. Wani ya taɓa tare shi da nasiha a bakin masallaci. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, sannan ya ce, “Ni nake kai ta, ni nake ɗauko ta.” Bai ƙara komai a kai ba.

Akwai wata al'ada taki da nake so a sani. Duk makaɗin da kika ɗauka, bayan an tashi sai kin sa shi ya ɗaure gashi, ya ɓalle maɓallan riga, ya tsaya a inda haske yake, ki yi masa wani hoton daban. Kina kiransa hoton uwa. Kin ce kowane ɗaya daga cikinsu yana da tsohuwa a ƙauye da ke jin nauyi idan maƙwabta suka tambayi sana'ar ɗanta, to a ba ta abin da za ta rataya a falo. Azlan mai jita, wanda kika fara ɗauka, ya ce uwarsa ta yi shekaru ba ta tambaye shi aikinsa ba, amma da ya je hutun Salla sai ya tarar da hoton a saman talabijin, an sa masa gilashi.

Da annoba ta zo aka kafa dokar kulle, zaurukan nan duk aka garƙame su. Hadi ya koma kai wa mutane abinci a babur. Azlan ya sa jitarsa a kasuwa, wasu ma suka bi bayansa. Ke suke kira ki ɗauki kayan don a sa a talla, kina tsaye daga bakin ƙofa da takunkumi. Ba ki karɓi ko sisi ba. Kuma kafin ki ɗauki jitar ita kaɗai, sai ki ce mai ita ya rungume ta tukuna, ki ɗauke su tare, ki tura masa ya ajiye. Da abin ya tsananta a bana, har mutane suna rataya farin ƙyalle a taga alamar abinci ya ƙare, sai kika ɗora babbar tukunya. Shinkafa da wake da mai da yaji, a ƙulla a leda, Hadi ya zo ya ɗauka ya rarraba. Ya ce yaran sun sha hawaye saboda yajinki, amma ba wanda ya rage.

Sai cutar ta shigo gidanku. Aka killace Malam Muttaka da Ihsan a ɗaki, ke aka wuce da ke asibiti saboda numfashi. Ta taga na ga an sa ki a mota, kika ɗago min hannu. Ban sake ganinki ba. Ma'aikata masu fararen kaya su suka yi miki sutura, suka sallace ki, suka kai ki. Mijinki yana kulle, mu ma ba a bar mu ba. Hadi ne ya bi motar a babur, ya tsaya daga nesa ya ɗaga waya yana nuna mana ta bidiyo, Malam Muttaka yana kallo daga ɗakinsa, ni daga nawa. Hoton sai rawa yake yi, ya ƙi tsayawa. Na ce a raina da kina nan da ya sha faɗa.

Malam Muttaka ya riga ya kare kundin digirinsa kafin ki kwanta. Tallafin karatu ya ƙare, biza ma ta kusa. Amma ya ƙi sayen tikiti. Duk wanda ya yi masa magana sai ya ce tukuna. Ni ya gaya wa gaskiya, muna tsaye a baranda kowa a bakin ƙofarsa. Ya ce, “Hajiya Hannatu, ni na ɗauko ta daga gaban uwarta. Yaya zan hau jirgi in bar ta a inda ba wanda ya san sunan ubanta?” Hajiya Daso ma ba ta tambayi kaya ba, ba ta tambayi komai ba. Duk kiran da za ta yi, maganarta ɗaya ce: wa zai riƙa duba min ita? Mu kuwa ba mu iya yi mata ƙarya ba.

Da aka sassauta doka, wata safiyar Juma'a Hadi ya zo ya kai mu. Ni ban taɓa taka makabarta ba a rayuwata, kin san a gida mata ba sa zuwa, amma a nan suna zuwa, kuma ban iya zama ba. Sababbin kaburbura ne jere, jar ƙasa iri ɗaya, kowanne da ɗan katako mai lamba. Ruwan garin nan ya riga ya fara kwantar da su, ciyawa ta fara hawa. Da mu kaɗai muka je da ba mu gane ki ba. Hadi kuwa bai ko duba lamba ba, ya wuce kai tsaye. A can muka tarar da Azlan da wasu biyu, sun ɗaure gashi, sun sa hula, suna jiranmu.

Bayan an yi addu'a sai suka ce suna neman izini. Suna so su kafa miki duwatsun kabari irin nasu, a rubuta suna. Abin ya yi wa Malam Muttaka nauyi. Ɗan gidan malamai ne, a wajensu ba a yi wa kabari ado, ba a rubutu a kai, ƙasa ake bar wa abinta. Ya dubi jerin kaburburan nan, ya dube su, sannan ya ce, “In na tafi, wa zai karanta sunan?”

Hadi ya ce, “Abang, balik lah,” wato Yaya ka koma, “ka kai yarinya gida. Ni a garin nan aka haife ni. Kakana yana kwance can gindin bishiyar can, ni ma nan za a kawo ni. Ba ni da bizar da za ta ƙare. Kak Hasa tana hannunmu.”

Tun rasuwarki ban ga hawayen mijinki ba sai a wurin nan. Ya durƙusa ya dafa ƙasar, ya faɗi sunanki da na mahaifinki a hankali, suna maimaitawa har bakinsu ya kama. Izinin da suka nema ke nan ya ba su. Da muka dawo ya kira Hajiya a gabana, ya ce an samu masu duba ta. Ta ce su wa? Ya ce makaɗan nan da take ɗauka hoto. Sai ta ce, “Suna salla?” Ya ce suna yi. Ta ce, “To Allah Ya yi musu albarka. Ka ce su riƙa cire mata ciyawa.”

Ya Allah, ga baiwarKa Hasanatu, ta rasu baƙuwa, cikin annoba, ba uwa ba dangi a kanta. Ka gafarta mata, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi, Ka ba ta ladan waɗanda annoba ta ɗauke suna masu haƙuri. Abincin da ta ciyar da zukatan da ta faranta, Ka sa ta tarar da su a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Daso da dukkan dangi a Azare, da Malam Muttaka, Allah Ya ba ku haƙuri. Ihsan kuma Allah Ya raya ta, Ya sa ta zama mai yi wa uwarta addu'a. Ina kuma yi wa Hadi da Azlan da 'yan'uwansu ta'aziyya, don su ma yayarsu suka rasa.

Malam Muttaka ya sayi tikiti, ranar Asabar za su tashi. Ni ma zangon karatu ɗaya ya rage min. Za mu tafi mu bar ki, Hasanatu, amma ba mu bar ki ke kaɗai ba.