Kunun Kanwar da Ba Ta Sha Ba

A ƙauyenmu na wajen Tawa, idan mace ta rame, abu biyu ake tambaya: ciwo ne, ko hatsi ya ƙare a gidan? Na ga shekarar da ya ƙare. Na wanke gawar ƙanwata, ƙashin wuyanta duk a waje. Bayan nan muka taho Wagadugu, muka zauna unguwar Zango.

A nan na haifi 'yata. Tana aiki a wani kantin tufafi a Waga 2000, unguwar masu kuɗi. Da ta haihu, ta dawo gidana wankan jego. Aikin uwa sananne ne: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama da yaji. Ranar arba'in ki mai da ita ga mijinta kumatu cike, zane na kama ƙugu da ƙyar. Idan ta koma a bushe, ke za a zaga, ba ita ba. Uwar mijin kuwa, wata Hajiya 'yar Maraɗi, ta aiko cewa da kanta za ta zo ɗaukarta.

'Yar tawa, wanka ta yarda. Kunu ta ƙi.

"Inna, rejim nake yi."

"Mene ne shi?"

"Rage ƙiba. In na koma butik da wannan tumbin, madam mai kantin za ta tura ni baya wajen guga."

"Wane tumbi? Ke da iska ke shirin ɗauka?"

"Inna, can ba haka ake gani ba."

Can ina? Da moto, babur kawai, ake zuwa, ba a ƙetare ko da kogi.

Sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture kwano. Ni kuwa ba na zubar da abinci. Hannuna ba ya iyawa. Sai in shanye. Naman ma haka. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kai ta asibiti suka ce lafiyarta lau, jariri ma yana samun nono. Kullum ina damawa, kullum ina sha.

Ranar arba'in Hajiya ta iso da mata. Ta dubi yarinyar, ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Barkanmu da arziki. Wai cikinku wace ce ta haihu?"

Mata suka tuntsire da dariya.

"Ƙin ci ta yi, Hajiya."

"Ta ƙi ci, ke kuma kin ƙi bari."

Abincin da na kawo mata ko buɗewa ba ta yi ba.

A tsakar gidan nan kuma, a lokacin nan, ƙannen mijin, 'yan mata haihuwar unguwar Dasasgo ta nan birni, sun kewaye 'yata suna ɗaukar hoto da waya. "Wallahi kamar ba ki haihu ba! Inna, wane sirri kika yi mata? Mu ma wajenki za mu zo jego."

Na ɗauka ba'a ce. Na duba fuskokinsu, da gaske suke.

Da la'asar surukin nawa ya zo. Direba ne, mai kunya. Ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya ajiye turmin atamfa.

"Inna, Allah ya saka da alheri. Matar abokina ta je jego ta dawo, yanzu moto ba ya jan su su biyu. Ke kam kin iya riƙo."

Uwarsa na zaune tana ji. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta fita ba sallama.

Har yau Hajiya ba ta sake taka gidana ba, kuma a gidan suna mata na matso min da kwano suna murmushi. Atamfar tana cikin akwati. Ban kai ta wajen tela ba, don ban san abin da zan ce ba idan aka tambaye ni ladan me ce.