Damin Gero Daga Rumbun Ikilisiya

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin bishara, akwai wata Lahadi da ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ya kamata ku ji labarinta.

A lokacin ina mai bishara a wata 'yar ikilisiya a yankin Bagwai, cikin shekarun nan na fari da gero yake bushewa tun bai fid da kai ba. Mai bishara yana wa'azi, yana koyar da masu shirin baftisma, amma ba ya ba da Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi da masu bi suke ci tare a majami'a. Wannan aikin Rabaran ne, babban fastonmu, shi kuwa sai bayan watanni yake zagayowa ta wurinmu a kan babur. Nawa shi ne ni da dattawa mu tantance wanda zai ci da wanda yake ƙarƙashin horo. Horo kuwa shi ne a sanar da laifin mutum a gaban jama'a, ya koma bencin baya, a dakatar da shi daga jibi har a ga tubarsa.

Muna da rumbu a bayan majami'a inda ake tara zakkar amfanin gona. A makon da Rabaran zai zo, wata mata mai suna Ladi ta same ni da hantsi ina gyaran darni. Mijinta ya tafi cirani, shiru babu labari, ya bar ta da yara uku. Ta durƙusa ta ce, "Malam, na zare damin gero ɗaya a rumbun ikilisiya. Yarana sun daɗe ba abin da suke ci sai tafasa. Ba wanda ya gan ni, amma ba zan iya miƙa hannu ga gurasar nan da wannan abu a zuciyata ba."

Na san dangin mijinta sun daɗe suna neman ƙwace yaran, wai ba ta iya riƙonsu. Ranar da aka kira ta ɓarauniya a bainar jama'a, ranar za su zo su kwashe su. Ɓoye maganar kuma ba hurumina ba ne, don rumbun amana ce a hannuna. Haka na kai maganar gaban dattawa.

Babban dattijonmu, Baba Tanko, wanda darni ɗaya ya raba gidansa da na Ladi, bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Kayan Allah ta taɓa. In aka ƙyale ta, gobe kowa zai faɗa rumbun nan. A sa ta horo."

Ranar Asabar da la'asar Rabaran ya iso, muka zauna a gindin darbejiya, aka kira Ladi. Rabaran ya tambaye ta, "'Yata, kin san abin da kika yi laifi ne?"

"Na sani, Baba."

"Wa ya kama ki?"

"Ba kowa. Ni na kawo kaina."

Ya juyo wurinmu ya ce, "Ana yin horo ne don mutum ya gane laifinsa ya tuba. Wannan ta riga ta iso can da ƙafarta. Gobe za ta ci. Amma ku gaya mini, wa ya san halin da gidanta yake ciki?" Sai Baba Tanko ya kaɗe rigarsa ya ce, "In ta miƙa hannu gobe, ni zan miƙe in faɗa wa jama'a da bakina." Rabaran bai yi gardama da shi ba. Ya ce kawai, "Gobe kowa ya auna zuciyarsa."

Da safe na yanyanka gurasa, na zuba ruwan zoɓon da muke sawa a madadin ruwan inabi. Rabaran ya yi addu'a ya miƙo mini faranti in zaga da shi. Baba Tanko ne farkon benci. Na tsaya gabansa ina jiran ya tashi ya tona asirin matar nan. Ya daɗe yana kallon gurasar. Sai ya girgiza kai, ya naɗe hannuwansa, ya yi mini alama in wuce. Majami'a ta ɗauki ƙus-ƙus, don tun da aka yi masa baftisma ba a taɓa ganin jibi ya wuce shi ba.

Da na isa wurin Ladi, ta ɗago kai tana duban bencin dattawa. Ba wanda ya motsa. Ta ɗauka, ta ci, hawaye na zuba a kan zanenta.

Bayan sujada Baba Tanko ya same mu ni da Rabaran, ya ce, "Kullum ina jin kukan yaran nan ta darni, rumbuna kuwa da sauran hatsi, na yi kamar ban ji ba. Da wane baki zan ci?" Kafin rana ta faɗi ya aika wa Ladi hatsi daga rumbunsa, dattawa kuma suka yarda a buɗe na ikilisiya a raba wa gidajen da suka fi galabaita. Maganar damin ba ta taɓa fita ba, yaran suka girma a hannun uwarsu. Da Rabaran ya sake zagayowa, Baba Tanko ya ci jibi tare da kowa.

Abin da na koya ke nan. Aikinmu yana sa mu zama masu gadin teburin Ubangiji, har mu ɗauka mun san mai cancanta. Ni dai ranar nan mutum biyu na gani da suka cancanta, ɗaya ta ci, ɗaya ya ƙi ci, kuma abu ɗaya ne ya kai su: kowannensu ya dubi kansa ya faɗi gaskiya. Don haka kafin ku hana wani gurasa a majami'a, ku fara leƙa gidansa ku ga ko an ɗora tukunya.